Sharhi Kan Littafin One of Us Is Lying na Karen M. McManus

Cikin dare biyu na kammala wannan littafi da aka fara wallafawa a Amurka a shekarar 2017, kuma tun daga babin farko marubuciyar ta ɗaure ni da igiya mai ƙarfi. An tsare ɗalibai biyar a aji bayan tashi daga makarantar sakandare ta Bayview, a jihar Kalifoniya, saboda an sami wayoyi a jakunkunansu, alhali sun dage cewa wani ne ya saka musu. Kafin horon ya ƙare, ɗayansu mai suna Simon ya sha ruwa a kofi, ya yanke jiki ya faɗi. An gauraya ruwan da man gyaɗa, shi kuwa jikinsa ba ya ɗaukar gyaɗa ko kaɗan, sannan alluran gaggawa da za su iya ceto shi sun ɓace daga ɗakin jinyar makarantar, don haka ya mutu.

Abin da ya ba labarin nauyi shi ne cewa Simon ne ke gudanar da wata manhajar tsegumi da ke tona asirin ɗalibai, kuma ya riga ya shirya fallasa sauran huɗun, wato Bronwyn da Addy da Nate da Cooper. Marubuciyar ta bar kowannensu ya ba da labarin da bakinsa, babi bayan babi, don haka mai karatu yana zaune cikin zuciyar mutanen da 'yan sanda ke zargi, yana tausaya musu, yana kuma shakkar su a lokaci guda. Addy ce ta fi shiga raina, domin ta fara a matsayin yarinyar da ba ta iya yanke ko ƙaramar shawara sai da yardar saurayinta, amma da ƙawayenta suka juya mata baya, sannu a hankali ta koyi tsayawa da ƙafafunta. An rubuta wannan sauyi da haƙuri da gaskiya.

Ina da ƙorafi biyu. Tsakiyar littafin ta ja da yawa a kan soyayyar Bronwyn da Nate, har binciken ya yi sanyi. Ƙarshen kuma, wanda ba zan fallasa ba, ya taɓa matsalar ciwon damuwa a tsakanin matasa, amma ya wuce ta da sauri fiye da yadda irin wannan lamari mai zafi ya cancanta.

Iyaye da malamai su sani cewa akwai batun sayar da ƙwayoyi da mu'amalar samari da 'yan mata a ciki, don haka ya fi dacewa da manyan ɗalibai. Turancinsa mai sauƙi ne, babukan gajeru ne, kuma tuni na fara littafi na biyu, One of Us Is Next, wanda ya fito a 2020.