Man inji ko man shokabzoba: wanne ya dace da tsohon babur?

Bakanikai da yawa a Sakkwato, in sun kwance shokabzoban gaba na tsohon Jincheng, man inji suke ɗurawa. Ga araha, ga shi ko'ina. Amma man inji mai lamba 20W-50 ya cika kauri: da sanyin safiyar hunturu gaban babur sai ya ƙage, kowane rami ka ji shi har kafaɗa.

Man shokabzoba mai lamba 10W ya fi tsada, kuma sai an nema. Sai dai ba ya saurin kumfa, yana ratsa ƙananan kafofin ciki yadda ya kamata. Shi nake zaɓa wa ɗan kabu-kabu mai wuni bisa hanya. In sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya tsage, a fara canza shi, sannan a auna mai daidai a ƙafafun shokabzoban biyu.