Jika ɗaya a ɗakin karatun bayan Kasuwar Dole

Wata shida ke nan da na biya jika ɗaya, wato sefa dubu, na yanki katin shekara a wani ɗan ɗakin karatu da ke bayan Kasuwar Dole a Damagaram. Wata ƙungiyar sa-kai ce ke riƙe da shi, tsofaffin malaman lakwal ne da wasu ɗaliban Jami'ar André Salifou, kuma babu mai albashi a cikinsu. Daga gidanmu a Garin Malam kabu-kabu nake hawa, kowace Asabar bayan la'asar.

Ɗaki ɗaya ne da rumfa. Kanta huɗu, benci uku, fanka ɗaya wadda sai an yi sa'ar wuta take juyawa. Littattafan marubutan Afirka ne da na baƙaƙen fatar Amurka da tsibiran Karibiyan, yawanci da Faransanci. Ana ara maka biyu na mako biyu. Dattijon da ke tsaron wurin, wanda kowa ke ce wa Baba, a babban kaye yake rubuta sunan mai aro, kuma ko kwana ɗaya ka ƙara sai ya tuna maka a gaban jama'a. Na sha wannan kunyar sau biyu.

Amma ba aron littafi ya riƙe ni ba, zaman Asabar ne. Mu goma ko sha biyu, a ɗora shayi, mutum ya karanta abin da ya rubuta, sauran su yi masa fiɗa. Ranar da na fara karanta gajeren labarina, a kan wata yarinya mai tashin asuba bin layin famfo, har muryata rawa take. Da na gama Baba ya ce, "Ɗiyata, jarkar yarinyar nan na gan ta, amma ita yarinyar ban gan ta ba." Na ji haushi ƙwarai, na koma gida ina ƙunƙuni. Sai da na sake shi sau uku. Shekara tara ina rubutu ina tura wa ƙawaye a WhatsApp, ban taɓa samun abin da ya wuce "Allah ya ƙara basira" ba.

A bango akwai allo da suke liƙa sanarwar gasa da tallafi. A nan na san kyautar Caine, da aka fara bayarwa a 2000, fam 10,000 ga gajeren labarin ɗan Afirka da aka buga da Ingilishi, kuma 'yar Sudan Leila Aboulela ce ta fara ci. A nan na ji labarin gidauniyar Hurston/Wright da aka kafa a Amurka a 1990 don marubuta baƙaƙen fata, da Cave Canem ta 1996 mai horar da masu rubuta waƙe. Wani ɗalibi ke fassara mana sharuɗɗan. Yana ƙoƙari, sai dai in ya gama sai mu kalli juna, don kusan dukkansu ƙofa ce da Ingilishi ke buɗewa, mu kuwa Hausa da Faransanci muke da su. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, ita kaɗai ce a allon na ji kamar da ni ake.

Ƙorafina babba shi ne littattafan Hausa. Suna nan, sun fi hamsin, na Kano da na Zariya, amma a kwali suke ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe su. Na ce, "Baba, don me namu ke ƙasa?" Ya ce kanta ce babu. To, kanta ta samu ga tsofaffin mujallun Faransa da ba mai taɓawa. Kuma ba su buɗewa da safe, wanda ya hana matan aure da yawa zuwa.

Hoton Abdoulaye Mamani na rataye saman ƙofa. Baba ba ya gajiya da faɗin yadda wannan marubucin littafin Sarraounia ya rasu a hatsarin mota a 1993, a hanyarsa daga nan Damagaram zuwa Yamai don karɓar kyautar Boubou Hama. Shi Boubou Hama ɗin, marubuci ɗan Nijar, ya taɓa cin babbar kyautar adabin Afirka baƙar fata. In Baba ya kawo nan sai ya yi shiru ya zuba shayi na biyu.

Wanda ke rubutu yana ɓoyewa a ƙasan katifa, ya zo, amma ya zo da ruwan shansa da haƙurin jin gyara. Ni dai zan sabunta katina. Na riga na yi magana da kafinta a unguwarmu kan kanta ta biyar, ya ce jika takwas, muna kan ciniki.