Fok ɗin Odyssey R32: Ƙarfi Ba Tare da Nauyi Ba

Duk wanda ya saba hawa keken BMX, wato ƙaramin keken wasan tsalle-tsalle, a Kano ya san cewa fok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, shi ne yake fara shan wahala idan aka yi tsalle aka dira. Yawancin kekunan gwanjo da ake samu a kasuwa suna zuwa ne da fok na ƙarfe mai araha, mai nauyi, wanda yakan lanƙwashe daga wuya, wato bututun saman fok ɗin da ke shiga jikin keken. Wannan ne ya sa na gwada R32 na kamfanin Odyssey da ke Kalifoniya a Amurka.

An ƙera shi da ƙarfen da ake kira 4130, wanda aka haɗa da sinadaran kiromiyom da molibdenom. Sai dai abin da ya fi burge ni shi ne aikin wutar da ake yi masa, wanda kamfanin ya sa wa suna 41-Thermal. Walda takan raunana ƙarfe a daidai inda zafi ya taɓa, saboda haka bayan an gama haɗa fok ɗin sai a sake gasa shi gaba ɗaya a sanyaya shi bisa ƙa'ida, domin ƙarfinsa ya daidaita. Hakan ne ya ba maƙeran damar sirantar da ƙafafun daga sama zuwa ƙasa tare da rage kaurin bututun, har nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. A hannu ana jin bambancin tun daga ɗaga tayar gaba na farko.

Lamba 32 da ke cikin sunan tana nufin tayar ta yi gaba da milimita 32 daga layin wuyan, abin da ke sa keken ya natsu idan ana gudu a kan hanya mai ramuka ko rairayi. Mai son juyi da sauri zai fi jin daɗin R25, wato fok ɗin kamfanin mai milimita 25, ko da yake ni na fi son natsuwar.

Akwai abin dubawa kafin a saya. Wuyansa inci 1 da 1/8 ne marar zare, don haka ba zai shiga tsofaffin kekuna masu wuyan inci 1 mai zare ba, kuma ba shi da wurin ɗaura birkin gaba. Tsada ma tana nan, tunda da dala ake sayensa daga waje, ga kuɗin dako. Ga yaron da makaranta kawai yake zuwa, wannan kashe kuɗi ne babu dalili.

Wanda kuma ya saya, kada ya yarda mai walda ya sa masa wuta da sunan gyara, domin zafin zai rushe aikin wutar da aka biya kuɗi dominsa.