The Witch da Munafik: wanne ya fi tayar da hankali?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa finafinan ban tsoro masu ƙaramin jari suke yawan raɓar addini, kuma tsakanin na Turawa da na Musulmi wanne ya fi kama zuciya.

Wanda ba shi da kuɗin ƙera dodo da kwamfuta, dole ya nemi tsoron da mai kallo ya riga ya zo da shi. Ga mai imani kuwa, babu abin firgici kamar a yi addu'a a ga kamar ba ta ci ba. Ɗaki ɗaya da murya ɗaya sun isa a nuna wannan.

The Witch na Robert Eggers ya fito a 2015, an kashe masa wajen dala miliyan 4, kuɗin cefane a masana'antar fim ta Amurka. Iyali ne Kiristoci masu tsananin riƙo da addini a shekarun 1630, aka kore su daga gari kan saɓanin aƙida, suka tare a bakin daji. Jariri ya ɓace, masara ta lalace, uba yana ta roƙo, shiru. Sai suka koma zargin juna da maita, har 'yarsu Thomasin ta miƙa wuya ga Shaiɗan.

Munafik kuwa na Syamsul Yusof ne, daga Malesiya, 2016. Ustaz Adam mai ruƙiyya ne. Matarsa ta rasu a hatsarin mota, ya kasa rungumar ƙaddara, ya kasa yafe wa wanda ya yi sanadi. A wannan hali aka kira shi ya yi wa wata yarinya, Maria, karatu.

A nan finafinan biyu suka rabu. Na farko yana sa ka ji kamar an yi watsi da bayin nan ne gaba ɗaya, ba mafita. Na biyu ya ɗora raunin a zuciyar malamin: ayoyin suna nan da ƙarfinsu, mai karanta su ne ya raunana.

Ni dai Munafik ya fi girgiza ni, kuma ina jin haka zai yi wa yawancin Sakkwatawa. Daga Mabera har Runjin Sambo, wa bai taɓa jin ana yi wa wani ruƙiyya ba? Ayoyin da Adam yake karantawa muryarsa na rawa, ka haddace su tun kana makarantar allo. The Witch ya fi shi gwanintar ɗauka, amma ɗacin da yake bari na yanke ƙauna ne, shi ya sa ba zan ba ka shawarar kunna shi gaban yara ba.