Mariƙin haɗa waya da madubin hangen nesa: hoto ya fito, amma raina ya ɓaci

Jama'a, masu tambayata ko adaftar nan ta roba da ake ɗaura waya da ita a bakin madubin hangen nesa tana aiki, amsata ita ce tana yi. Irin mai matsewa da sukuru uku nake nufi, wadda aka ce kowace waya tana shiga, kun dai san ta kuma kun san kuɗinta. Na saye ta ne don tsuntsayen fadamar Hadejia da Nguru, domin lokacin sanyi ne agwagin Turai ke sauka can, su cakuɗa da namu irin su dinya da kirinjijiya, kuma ba a kusantarsu. Ka matsa kaɗan, sun tashi.

Farkon gwajin a Dagona, kusa da Gashuwa, wallahi sai da na yi kabbara. Dinya ce a tsallaken ruwa, wadda da ido ɗigo kawai kake gani, sai ga ta ta cika fuskar waya, jan bakinta da farin cikinta duk a fili, har ɗigon ruwa a gashinta. Madubin nawa daga 20 zuwa 60 yake ninka girma, kuma a kan 20 zuwa 30 ne hoto ke fita tas. In ka murɗa zuwa 60 haske ya ragu, iska ta ɗan kaɗa ƙafa ukun da ake ɗora madubin a kai hoto ya dagule. Baƙin zoben da ke kewaye hoton kuwa, ɗan jan zum kaɗan a waya yana kore shi. A wannan safiya na riga na yanke cewa zan yaba wa abin nan a ko'ina.

Sai ga zalɓe.

Yana tsaye a gefen ciyawar kachala, wuya a lanƙwashe, bai motsa ba kusan minti goma, ni ma ban motsa ba. Na daidaita komai, idonsa ruwan ɗorawa ya fito sarai. Can sai ya soka baki cikin ruwa ya ɗago da tarwaɗa a gicciye, tana ta mutsu-mutsu, yana juya ta don kai ya fara shiga. Irin hoton da mutum ke tashi da asuba dominsa kenan. Daidai nan waya ta ɗan zame daga tsakiyar madubi, domin sukurun gefen na roba ne, ba ya riƙewa in nauyin waya ya rinjaya. Na kai hannu na ƙara matsewa, ashe haƙorin mariƙin a kan madannin kashe waya yake zaune. Fuska ta yi baƙi ƙirin. Kafin in kunna, in buɗe kyamara, in sake saita ido da ido, zalɓe ya haɗiye kifinsa, sai kumburin wuya na samu yana gangarawa. Mai kwale-kwalen da ya kai ni ya ce, "Malam, ai ni na gani da idona, ya isa." Ni bai ishe ni ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya ƙera wannan abu ya san kusan kowace waya a gefe madannanta suke. Me ya hana a bar ɗan gurbi? In ka zame wayar sama don kauce wa madanni, kyamara ba ta kai bakin madubi. In ka cire rigar waya, ta fi zamewa. Da na koma wa mai shagon da ƙorafi, cewa ya yi wayata ce ta yi girma, alhali shi ne ya karɓe ta ya gwada ya ce ta zauna daidai.

Akwai kuma wata matsala da ya kamata a faɗa wa mai saye tun a shago: waya mai kyamara uku tana sauya ido da kanta in ka ja zum, sai ka ga duhu, ka zaci madubi ne ya lalace. Sai ka shiga yanayin da ake saita komai da hannu ka kulle ta a kan babbar kyamarar. Kada kuma ka taɓa fuskar waya wajen ɗauka. Sa ƙidayar daƙiƙa uku, ko ka danna madannin ƙara sauti na iyafis mai igiya. Hantsi na dubawa kuma ka tattara, domin tururin zafi a kan ruwa da hazon hunturu ba adaftar da ke maganinsu.

Hotunan dinyar nan suna nan, na wanke ɗaya ma na rataye, don haka ba zan ce kuɗina sun tafi a banza ba. Amma ga mai bin abin da ke motsi, ban ba shi shawarar ta roba ba. Ya ƙara kuɗi ya nemi ta ƙarfe, ko wadda aka yi wa samfurin wayarsa takamaimai, kuma ya je shago da wayar da madubin, ya ɗaura, ya matse sosai, ya karkata shi ƙasa ya ga ko za ta zame kafin ya biya.