Katako ko Allon PVC: Da Me Za a Gina Ƙaramin Ofishin 'Yan Kwana-kwana?

Ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Ka ce ka shimfiɗa ƙaramin layin dogo mai faɗin milimita 45 a tsakar gida, ka kuma samu motar kwana-kwana mai sikelin 1:24, wato kowane awo na motar gaske an raba shi gida 24, kana so ka gina mata ofishi da hannunka ba tare da ka sayi haɗaɗɗe ba. Tambayarka ita ce da katako za ka yi ko da farin allon nan na PVC da masu allon talla ke kira Forex. Idan ginin zai kwana a waje kuma siffar jan bulo kake so, ka yi bangon da allon PVC, ka bar wa katako ƙofofi da kayan ciki. Ga dalilaina.

Kafin ka yanka komai, ka tsayar da sikeli. Layin milimita 45 ya bazu ne bayan kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg a Jamus ya fito da ƙananan jiragen ƙasa na wasa masu suna LGB a 1968, a kan sikelin 1:22.5, domin kwaikwayon layin dogo mai faɗin mita ɗaya. Daga baya wasu kamfanonin Amurka suka ɗora jirage masu 1:29 da 1:20.3 a kan wannan layin, ga kuma 1:32 da ya dace da babban layi mai milimita 1435. Shi ya sa sai ka ga gini ya yi wa wani kan jirgi daidai, ya yi wa wani girma. Naka 1:24 kuwa ya zo da sa'a: tsohon layin dogon Najeriya da ya haɗa Legas da Kano faɗinsa milimita 1067 ne, in ka raba da 45 za ka samu kusan 23.7. Ke nan duk abin da ka gina a 1:24 zai zauna lafiya kusa da tarago irin namu.

A wannan sikelin, ƙofar mota mai tsawon mita 4 ta zama milimita 167, ƙofar mutum mai mita 2.1 ta zama kusan 88, shi kansa ɗan kwana-kwana bai wuce milimita 71 ba. Gini mai ɗakin mota biyu, mita 12 a faɗi da 15 a zurfi, zai ci santimita 50 da 62 da rabi. Amma kar ka dogara da lissafi kaɗai. Ka ɗora motarka a kan tebur, ka auna ta har da tsanin da ke samanta da madubin gefe, ka ƙara mata sarari, sannan ka zana ƙofar.

Abin da ya bambanta ofishin kwana-kwana da sauran gine-ginen gefen layi shi ne fuskarsa kusan duk ƙofa ce. In ka fitar da manyan ƙofofi biyu daga bangon gaba, abin da ya rage ginshiƙi ne siriri a tsakiya, mai faɗin kamar milimita 25, sai linta a sama. A nan ne kayan biyu suke nuna halinsu.

Katako ya fi tauri. Ginshiƙin katako mai wannan faɗin zai ɗauki rufi ba tare da ya lanƙwashe ba, yana riƙe ƙusa da sukuru da kyau, kuma duk kafinta ya san yadda zai bi da shi. Matsalarsa ruwa ce. Katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu, kuma motsin nan ta faɗinsa yake yi, ba ta tsawonsa ba. Saboda haka inda aka haɗa yanka biyu masu fuskantar juna a kusurwa, nan ne tsaga ke fara bayyana. Daga tsaga sai ruwa ya shiga, fenti ya ɓare. Filawud na gama-gari yakan ɗaye fallaye-fallaye bayan 'yan ruwan sama, allon MDF kuwa, wato na matsattsen garin katako, kar ma ka kai shi waje, domin yana jiƙa zai kumbura ya marmashe. Masu wannan sha'awa a Amurka sukan yi amfani da itacen sida da redwud saboda ba sa saurin ruɓewa. A wajenmu makamantansu su ne iroko da tik da maɗaci, sai dai suna da wuyar yankawa siriri in ba ka da ƙaramin injin zarto. Sannan ga gara, wadda Bajamushe mai lambu ba ya tunaninta, amma kai dole ka yi.

Allon PVC bai san ruwa ba, bai san gara ba. Ana yanka mai kaurin milimita 3 ko 5 da wuƙar yankan kwali a bi rula ta ƙarfe, a maimaita sau uku ko huɗu a hankali. Gam ɗin da masu haɗa bututun ruwa ke shafawa yana narkar da fuskokin biyu su zama abu guda, don haka kusurwarsa ba ta buɗewa kamar ta katako. Abokin gabarsa zafi ne. Yakan fara laushi idan ɗuminsa ya haura digiri 60, kuma rufi mai baƙin fenti a ƙarƙashin ranar bazara yana iya kai wa nan. Yana kuma miƙewa da zafi: bango mai santimita 50 zai iya ƙaruwa da kusan milimita 1 tsakanin sanyin asuba da tsakar rana. Ginshiƙin tsakiyar nan, in ka bar shi falle ɗaya, zai gantsare. Maganinsa ka yi bango da allon milimita 5 ko 6, ka ninka ginshiƙin da linta daga ciki, ko ka manna musu ƙaramar kusurwar alminiyam, ka kuma sa bangon tsakiya tsakanin ɗakunan mota biyu ya tokare rufin.

Ta fuskar kama da gaskiya, nan ne na fi karkata ga PVC, kuma nan ne aikin yake da cin rai. Yawancin tsofaffin ofisoshin kwana-kwana na biranen Turai da Amurka da jan bulo aka gina su. Bulon Ingila tsawonsa milimita 215 ne da tsayi 65, in an haɗa da siminti ya zama 225 da 75, wato kusan 9.4 da 3.1 a sikelinka. Bango mai tsayin santimita 30 zai ɗauki layin bulo kusan 100. Fuskar allon PVC tana da taushi, tana karɓar zane. Ka samu tsinin ƙusa ko bayan wuƙa, ka fara jan layukan kwance duka, sannan ka bi ka danna na tsaye ɗaya bayan ɗaya, kana gocewa da rabin bulo a kowane layi. Ka tabbata layukan sun haɗu a kusurwa, domin ido yana fara kama wannan kuskuren kafin kowane. Bayan ka goge da sanfefa mai laushi ka shafa fentin farko, sai jan fenti, ya bushe sarai, sannan ka tsinka fenti mai launin toka ka shafe bangon da shi ka goge da tsumma nan take. Tokar za ta zauna cikin layuka, bulo ya fito ɗaya-ɗaya. In ka ƙara taɓa wasu bulo nan da can da ja mai duhu, wanda ya tsuguna ya duba sai ya ɗauka ginin gaske ne. Katako ba ya yin wannan, saboda jijiyarsa tana jan wuƙa ta kauce, kuma zanen itacen yana leƙowa ta ƙarƙashin fenti.

In kuwa abin da ke ranka irin ofisoshin sa-kai na ƙananan garuruwan Amurka ne, masu bangon falanki da ƙararrawa a sama, to katako ya yi nasara. Falanki mai faɗin santimita 15 ya zama milimita 6, kuma in ka jera su ɗaya kan ɗaya, babu fentin da zai sa roba ta yi wannan kyan. Sai dai irin wannan ginin ka riƙa shigar da shi ɗaki da damina.

Hasumiya fa, kar ka manta da ita, domin ita ce ke sa a gane ginin tun daga nesa. Asalinta wurin shanya mesa ne: mesar zamanin da ta zare ce, in an naɗe ta a jiƙe sai ta yi fumfuna ta ruɓe, shi ya sa ake rataye ta a tsaye iska ta ratsa. Hasumiya mai mita 12 za ta kai santimita 50 a wurinka. Akwati ce doguwa siririya, kuma allon PVC ba shi da nauyi, iskar hadari za ta kwantar da ita. Ka sa mata bene-bene na allo daga ciki kowane santimita 10 zuwa 15 don ta riƙe siffarta, ka ɗaure gindinta da sukuru. Ka buɗe mata tagogin iska na gaske a sama, zafin da ya taru a cikin ginin zai riƙa fita ta nan.

Ƙofofin mota na fi son su da katako ko da bangon PVC ne. Su ne hannu ke taɓawa kullum, su ne ke rataye a hinji, kuma sukuru a jikin PVC yana sakin jiki in ana yawan motsa shi. Siraran yankan katako mai tauri, a shafe su ta kowace fuska har da baki kafin a ɗaura, za su daɗe. In bene za ka yi, ka sa sandar sulalowa, wadda 'yan kwana-kwana ke bi su sauko daga sama da sauri. A Chicago aka fara ta a 1878, ta katako ce ma a lokacin, kafin a koma ta tagulla. Sandar tagulla mai kaurin milimita 3 ta wadatar, kuma in ka sa ƙananan fitilun LED a ciki za a hange ta ta ƙofa da dare. Gilashin taga ka yi da roba mai haske, amma kar ka manna shi da gam mai saurin kamawa, tururinsa yana bar masa farin hazo.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: kar ka ƙona allon PVC, kar ka yanka shi da wuƙa mai zafi ko injin leza. Hayaƙinsa yana ɗauke da sinadarin da ke cutar da huhu da ido. Gam ɗin bututu ma a fili ake aiki da shi, nesa da yara.

Game da kuɗi, ka leƙa wurin masu allon talla ka tambayi ragowar yanka. Bangon ginin nan mafi tsawo santimita 62 da rabi ne, abin da su a wurinsu guntu ne. Kowanne ka zaɓa, kar ka dasa ginin a kan ƙasa tsurarta. Ka zuba masa ɗan dakalin siminti ko ka ɗora shi a kan tayil, ya ɗaga kaɗan sama da inda ruwa ke kwanciya, ka karkatar da gabansa zuwa hanya yadda motar za ta gangaro. Rufin kuma ka yi shi mai cirewa, da fenti mai haske, don ka riƙa kai hannu ciki kana share ƙurar hunturu da gyara wayar fitila.