Wata takwas muna zarya kilinik ɗin masu ciwon jini da Baba, ga abin da na gani

Baba shekarunsa 68, abin ya fara ne da ya yi loma uku ta tuwo sai ya ture kwano wai ya ƙoshi, ga wani nauyi a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu kamar an ajiye masa dutsen guga. Mun kusa shekara ana ɗirka masa maganin maleriya da na taifod a kemis, har wanzami aka kira ya yi masa ƙaho a wajen, jinin ya ƙi tsayawa sai da hankalin kowa ya tashi, ashe ƙwayoyin da ke daskarar da jini ne suka yi ƙasa mu ba mu sani ba.

Gaskiya likitar da muka samu a sashen ciwon jini na asibitin koyarwan ta san aikinta. Ta kwantar da shi ta fara laluben cikin tun daga ƙasan cibiya ta dama tana haurawa, ni har ina cewa a raina ai hagu ne ke ciwo, sai ga shi ta taɓo bakin saifar dab da cibiya. Sikanin ya nuna santimita 21, alhali ta babban mutum mai lafiya ba ta cika wuce 12 ba. Aka duba jininsa a madubin likita, fararen ƙwayoyin da ake kira limfosait sun haura 80,000, ta ce sankarar jini ce mai tafiyar hawainiya, CLL, wadda ta fi kama dattawa.

Abin da ya fi burge ni da Hausa ta yi masa bayani, ta ce Baba saifa rariya ce mai tace jini, yanzu ƙwayoyin cutar sun cika ta ta kumbura tana danne tumbi shi ya sa ba ka iya cin abinci, kuma tana riƙe jajayen ƙwayoyi da masu daskarar da jinin, shi ne PCV ɗinka, wato ma'aunin jajayen ƙwayoyin jininka, ya sauko 22. Yayana ya ce to a cire ta mana a huta, ta ce a'a, cutar ake fara yi wa magani saifar ta sace da kanta, wanda aka cire wa kuma maleriya da namoniya sun fi yi masa illa sai da rigakafi. Ta hana shi hawa acaɓa saboda saifa mai kumburi buguwa kaɗan tana iya fashewa, ta ce in ya ji ciwo farat ɗaya a hagun ciki yana harbawa kafaɗar hagu kada mu jira ranar kilinik.

Inda suka gaza kuwa, kilinik ɗin sau ɗaya ne a sati, ka zo bayan asuba ka ga likita bayan azahar, sau biyu ana ɓatar da fayil ɗinsa. Gwajin tabbatar da nau'in cutar ma waje aka tura, sati uku muna jira. Chlorambucil, maganin sankarar da aka rubuta masa tare da prednisolone da allopurinol, famasinsu kullum babu, sai mu nemo a gari, kuma chlorambucil ɗin a firji ake ajiye shi, da wannan wutar tamu sai firjin sola na maƙwabcinmu muke kaiwa. Likitar ta ambaci wani maganin da ake kira ibrutinib amma da muka ji kuɗin wata ɗaya shiru muka yi. Ƙarin jini leda biyu kuwa sai da muka kawo masu bayarwa da kanmu.

In maki ne zan ba likitocin da nas-nas biyar cikin biyar, tsarin asibitin biyu. Sikanin na watan jiya ya nuna santimita 15, jiya ma malmala guda ya cinye har yana tambaya ko akwai sauran miyar kuka.